Gangar da Ba Gana Bai Ji Ba

Ranar Juma'a da hantsi, saura kwana biyu a yi karon ƙarshe na kokowar takobi, gasar ƙasa da zakaranta ke ɗaukar takobi, mai amalanke ya sauke kwali huɗu a ƙofar gidan Ba Gana da ke unguwar Birni a Damagaram. Ɗansa Abdullahi ne ya aiko su daga Faransa: tele mai faɗi, ampili mai ƙara ƙarfin sauti, da bafil biyu, wato lasifikoki dogaye, kowane ya kai ƙirjin mutum.

Ba Gana ya yi shekara talatin a duwan, aikin kwastan, yana buɗe kwalayen mutane, amma nasa bai taɓa su ba. Ya sa aka jera su a zaure, ya zauna yana kallo. Shekara shida ke nan gwiwoyinsa sun hana shi zuwa filin kokowa, kuma ba kaye ya fi kewa ba, ganga ya fi kewa. Tsohuwar telensa tana nuna makaɗi yana dukan fata da dukan ƙarfinsa, abin da ke fitowa kuwa kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani. Sau ɗaya ya faɗa wa Abdullahi haka a waya.

Kafin a sauko daga masallaci Mutari ya ji labari. Mutari ɗan marigayi Hassan baduku ne, wanda takalmansa suka yi suna har Agadas. Ya yi shekara tara gaban ubansa yana yankan fata, sannan ya gano cewa an halicce shi don abin da ya fi haka. Tun daga nan ya yi gyaran fanka, ya yi ɗaurin eriya, ya riƙe lasifika a biki biyu, yana yawo da turnabis na kwance noti a aljihun gaba inda wasu ke sa bik na rubutu. Ana kiran sa Teknisiye, kuma shi ya fi kowa kiran sunan. Wurin zama kawai ya rasa. A jikin gidan Ba Gana akwai shago mai ƙofar ƙarfe yana kallon hanya, a rufe tun da telan da ke ciki ya koma Takieta, kuma Mutari ya auna shi da ido ya fi sau ɗari.

Ya durƙusa ya gaida Ba Gana, idonsa na kan kwalaye.

"Ba Gana, kayan nan kada ka bari ɗan koyo ya taɓa su."

"Wa ka ga yana taɓa su?"

"Tun wuri nake faɗa. Irinsu bakwai na haɗa a Yamai."

"Yaushe ka je Yamai?" in ji Mushe Yunusa, kamar yadda ake kiran malaman boko, tsohon malamin lakwal, abokin hirar Ba Gana, mutumin da ke karanta duk takardar da ta faɗo hannunsa, har wadda aka ƙunso ƙosai.

"Kana cikin aji lokacin, Mushe."

Ba Gana ya san abin da ya kawo shi, bai ga dalilin kewaye-kewaye ba. "Jibi mutum goma sha biyu na gayyata. In na ji ganga a nan," ya dafa ƙirjinsa, "kamar ina bakin fili, makullin shago naka ne. In ban ji ba, kada ka ƙara yi mini maganarsa."

"Ka shirya ƙirjin kawai," in ji Mutari.

Asabar ɗin gaba ɗaya a wurin mai fenti ya yi ta, ana rubuta masa allon shago. Sai Lahadi da safe ya zo aiki.

Ɗakin zaman Ba Gana ginin ƙasa ne tun na kakansa. Bangon dama ya haɗa shi da ɗakin kwanan maƙwabcinsa Mai Nasara, tsohon ɗan kasuwar goro. Bayan bangon hagu kuwa ɗakin Ya Fanta ne, matar gidan, wadda ta tafi suna Garin Malam tun da sassafe. Mutari ya jingina bafil ɗaya da wannan bango, ɗaya da wancan, ya ja kujerar Ba Gana ya dasa ta daidai tsakiya. Tele kuma ya rataye ta a bangon gaba da ƙusa huɗu.

"Bangon ƙasa ne fa," in ji Mushe Yunusa, wanda ya riga ya zaro notis, takardar bayanin haɗa kayan, daga kwali ya sa tabarau.

"Ƙusa ta fi son ƙasa. Siminti yana gajiyar da ita."

A bayan kowane bafil akwai maɗauri biyu, ja da baƙi, haka ma a bayan ampili. Mutari ya haɗa na dama, ja ga ja, baƙi ga baƙi. Da ya zo na hagu sai ya sa jar waya a baƙi, baƙar waya a ja, ya ɗaure tam.

"Ka juya su," in ji Mushe.

"Na sani."

"Takarda ta ce ja ga ja, duka biyun."

Mutari ya ajiye turnabis da haƙurin mai koyar da yara. "Mushe, ka taɓa yanka takalmi?"

"Sawa dai nake yi."

"To. Ƙafar dama, ka ɗora ma'auni bisa fata ka yanka. Ƙafar hagu, sai ka kife ma'aunin. Wanda ya yanka su iri ɗaya ya yi wa mutum dama biyu, sai ya yi ta kewaya gari bai isa gida ba. Wannan an rubuta masa dama, wancan hagu. Kunnuwanka ma gefe ɗaya suke kallo?"

Mushe ya taɓa kunnensa. Ba Gana kuwa ya yi shekara ashirin yana sa takalman Hassan ba su taɓa cizon sa ba. Ya ce a bar yaro ya yi aikinsa.

Aka kunna. Murya ta fito tas, amma siririya, babu nauyi ko kaɗan. Mushe ya ɗago wayoyin lantarki biyu masu kauri da ke cikin ledarsu har yanzu.

"Waɗannan fa?"

"Na ajiya ne. Bafil ba ya cin kuran, ampili ke ciyar da shi."

Mushe ya karanta a hankali, yana mayarwa da Hausa: kowane bafil yana da nasa ƙaramin ampili a ciki, shi ke tura babban faifan da ke ba da sauti mai nauyi, don haka kowane sai an sa shi a kuran, wato wutar lantarki.

"Abin da nake shirin nuna muku ke nan," in ji Mutari. "Na so ku fara jin sa da yunwa, don ku san bambanci."

Piriz, wurin jona wuta, ɗaya ne a ɗakin, kusa da bangon dama, kuma tele da ampili da bafil na dama suka cinye shi. Wayar na hagu ba ta kai ba. Mutari ya leƙa tsakar gida ya dawo da ralonji mai tsawo, wayar jawo wuta daga nesa.

"Ina ka samo?" in ji Ba Gana.

"A ƙasa na gan shi."

A ƙasa yake, gaskiya ne. Sai dai bakinsa ɗaya yana jikin firigon da Ya Fanta ke daskarar da lamurje da ƙanƙara.

Saura awo. Ampilin ya zo da ɗan mikoro mai ɗaukar sauti, wanda ake ajiyewa inda kan mai sauraro zai kasance, na'urar ta yi kukanta, ta saurari kanta, ta daidaita. Notis ya ce sai an yi shiru. Wannan umarni kaɗai Mutari ya karɓa daga takardar, kuma ya karɓe shi hannu biyu. Ya fita lungu ya tsayar da mata biyu masu daka, ya sa aka matsar da ragon wani zuwa bayan masallaci, ya ce wa mai garuwa ya ajiye kiransa sai ya wuce kwana. Suka bi, don ya ce musu daga Faransa ne umarnin. Sannan ya dawo ya zaunar da Ba Gana, ya ɗora mikoro bisa hularsa.

"Kada ka yi numfashi da ƙarfi."

"Shekara talatin ina duwan, ba wanda ya taɓa ɗora mini kaya a kai."

"Minti biyu ne, Ba Gana."

Bafil na dama ya yi huci kamar kumurci, na hagu ya amsa. Sai rubutu ya fito a tele da Faransanci, cikin jan akwati.

Mushe ya gyara tabarau. "Ta ce bafil na hagu a juye yake. Ta ce a duba wayoyi."

"Ka gani? Ta gane na kife shi. Na'ura mai hankali."

"Ba yabo take yi ba, Mutari. Ƙara take kawowa."

"Baƙuwa ce, yau kwananta biyu a Damagaram." Ya danna inda aka rubuta a wuce, jan akwatin ya ɓace.

Bayan la'asar baƙi suka cika ɗakin, wasu bisa kujeru, wasu bisa darduma a jikin bango. Aka kawo shayi. Tele ta nuna fili cike maƙil, makaɗa sun jeru, 'yan kokowa suna taka rawa da layu a damtse. Muryar mai sharhi ta fito kamar yana cikin ɗakin. Ba Gana ya gyara zama, ya jira.

"Ina gangar?"

Abin da ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. Sauti mai nauyi iska ce ake turawa. Bafil biyu da aka haɗa daidai tare suke turawa, tare suke ja. In an juya wayar ɗaya, lokacin da wannan ke turawa wancan ja yake yi, kamar mutum biyu da suka kama ƙofa ɗaya, wani daga ciki wani daga waje, kowa na gumi, ƙofa ba ta motsi. Wanda ke kusa da ɗayansu yana shan ƙarfinsa duka. Wanda ke daidai tsakiya ba ya samun komai, kuma Mutari da igiya ya auna tsakiyar nan.

"Tana zuwa," in ji Mutari. Ya zagaya bayan na dama ya murɗa maɓallin nauyi, ya je na hagu ya murɗa.

Suma'ila mai kantin magani, wanda ke zaune jikin bangon dama, ya ga shayinsa yana rawa a cikin kofi. "Ba Gana, ai ga ta nan. Har cikin haƙorina."

"Nawa haƙoran ba su ji ba."

"Wallahi kujerata tafiya take."

"Kai abokinsa ne, shi ya sa. Mutari, ƙara."

Mutari ya ƙara.

Ba a jima ba aka yi sallama. Mai Nasara ne, da bargo a kafaɗa, don mura ta kwantar da shi kwana uku. Yana riƙe da kwanon kunu. Bai gaida kowa ba, ya miƙa kwanon gaban hancin Ba Gana.

"Gana, duba kunun nan."

"Me ya same shi?"

"Bangonka ne a ciki."

"Bangonmu dai."

"Yau naka ne. Tun ɗazu yake tari yana zubo mini ƙasa. Me kuke dakawa a nan?"

"Zo ka zauna inda nake, ka faɗa mini abin da ka ji."

Mai Nasara ya zauna bisa hannun kujerar, ya karkata kai. Ya ji mai sharhi, ya ji ihun 'yan kallo, ya ji wani ɗan ƙas-ƙas can nesa. Ya dubi bango, ya dubi kunu.

"To a ɗakina gado tafiya yake yi."

"Mura ce ta hau maka kai. Je ka kwanta."

"Shekara hamsin ina mura, ba ta taɓa zuba mini ƙasa a kunu ba," in ji Mai Nasara, amma ya tafi, don shi ma ya fara shakkar kansa.

Mutari ya ga lokaci na tafiya, makulli na nesa. Ya murɗa maɓallan biyu har suka tsaya, ya ɗauki telekomandi, wato rimot, ya ƙara ampili. Mutanen gefe suka fara matsowa tsakiya ɗaya bayan ɗaya, kowa da darduma a hannu, har Ba Gana ya zama kamar mai rabon zakka. Duk wanda ya iso tsakiya sai fuskarsa ta saki, ya ce lallai nan babu ganga. Ba Gana ya ɗauki wannan a matsayin shaida.

Mushe Yunusa kaɗai ke kallon ƙarƙashin tele, inda ƙasa ke zubowa siririya daga ramukan ƙusa.

"Mutari, bango na zuba."

"Sabawa yake yi."

Aka kira karon ƙarshe. Ɗan Damagaram ya shigo fili, abokin karawarsa ya shigo, makaɗa suka tashi tsaye. A daidai nan Ya Fanta ta dawo daga suna.

A tsakar gida ta tarar da jan ruwa ya fito daga ƙarƙashin firigo ya yi hanya har bakin rariya. A ɗakinta ta tarar da kwanukan jerenta sun sauko daga kabad sun bazu, tangaran uku sun fashe, kwalbar humrar da ta jiƙa tun bara ta kife bisa shimfiɗa. Sauran kwanukan da ke sama suna ta kaɗawa, suna matsowa baki a hankali kamar masu jiran layi. Ta fito ta bi ralonji da ido, ta bi shi da ƙafa, har ƙofar ɗakin maza.

"Sannunku da hutawa," ta ce. Suka amsa ba su juyo ba. "Wa ya cire mini firigo?"

"Aro ne, Ya Fanta, na ɗan lokaci," in ji Mutari. "Yanzu za a yi kaye."

"Za a yi," in ji ta. Ta sunkuya ta zare wayar bafil na hagu daga ralonjinta.

Ƙaramin ampilin da ke cikin na hagu ya mutu. Na dama, wanda aka murɗe har ƙarshe, ya waiga bai ga mai riƙe masa ƙofa ba.

Ganga ta iso wa Ba Gana gaba ɗaya, ta shekara shida. Kofunan shayi suka yi tsalle daga faranti. Tabaran Mushe ya sauko kan hancinsa. Suma'ila ya tashi zai gudu, ya taka rigar na kusa da shi, suka zube tare. Ba Gana ya dafe ƙirji da hannu biyu, baki buɗe. Mutari ya ga hannun a ƙirji, ya ga makulli, ya ƙara danna telekomandi.

A tele 'yan kokowa sun sarƙe, ɗan Damagaram ya sa ƙafa ya kama ƙugu. Ƙusoshin sama biyu suka fito tare. Tele ta sunkuya gaba kamar mai gaisuwa, ta tsaya kaɗan, ta kife bisa farantin shayi. Sauti bai tsaya ba, don ba daga cikinta yake fitowa ba. Sai bangon dama, wanda gara ta daɗe tana ci ta ciki ba wanda ya sani, ya saki tubali bakwai ko takwas a bayan bafil, suka faɗa wancan gefe.

Mushe ya rarrafa ya zare komai daga piriz.

Da ƙura ta lafa, ga rami a bango, faɗinsa ya kai tabarmar salla. Ta cikinsa ana ganin Mai Nasara zaune a tsakiyar gado, bargo a kai, tubali ɗaya bisa matashinsa.

"Gana," ya ce, "wannan ma mura ce?"

Kafin a ba shi amsa gari ya ɗauka. Ihu ya taso daga Zango, ya bi ta kasuwa, 'yan kabu-kabu suka danne oda. An yi kaye, ɗan Damagaram ya ɗauki takobi, kuma duk Birni ba gidan da bai gani ba sai wanda ya fi kowa faɗin tele. Masu murna da suka biyo lungu suka ga ƙura na fita ta taga, suka tsaya. Matan da aka hana daka da safe su ne a gaba.

Mutari ya karkaɗe rigarsa, ya gyara turnabis a aljihu, ya durƙusa gaban kujera.

"Ba Gana, tsakani da Allah, ka ji ganga ko ba ka ji ba?"

Ba Gana ya kakkaɓe ƙura daga hularsa. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, abin da ya hana shi arziki a duwan.

"Na ji."

"A ƙirji?"

"Har yanzu tana ciki."

"To alƙawari kaya ne. Ga shaidu."

"Kaya ne," in ji Ba Gana. Ya laluba aljihu ya zaro makulli. "Tun safe kake ɗaura wayoyi, ban ji komai ba. Fanta ta cire guda ɗaya, na ji. Mushe, a takardarka wa ya yi aikin?"

"Wannan ba ya buƙatar takarda," in ji Mushe.

Ba Gana ya miƙa wa matarsa makulli. Ya Fanta tana naɗe ralonjinta a gwiwar hannu, ba ta ko tsaya ba.

"Me zan yi da shago? A ba wanda aka buɗe wa ɗaki. Mutum da mura ba ya kwana a sarari."

Aka miƙa makullin ta cikin ramin. Mai Nasara ya karɓa, ya juya shi, ya ce zai zauna har sai an gyara bango ya bushe, kuma shi a saninsa bangon ƙasa ba ya bushewa da gaggawa. Ya ce kuma ba zai iya ɗaukar katifa ba.

Mutari ne ya ɗauke ta a kai. Ya fito da ita ta ƙofar Mai Nasara, ya ratsa taron lungu, matan daka suna yi masa sannu da aiki ɗaya bayan ɗaya. Mai Nasara ya buɗe ƙofar ƙarfe, Mutari ya shiga ya shimfiɗa katifar, ya miƙe, ya dubi rufi, ya dubi kusurwoyi.

"Baba Mai Nasara, wurin nan ƙwan lantarki biyu yake so, da fanka a nan. Gobe in zo da waya."

Mai Nasara ya kama shi a gwiwar hannu, ya raka shi har bakin ƙofa, ya ja ƙarfen ya rufe daga ciki, ya murɗa makulli sau biyu.